Waƙa a Bakin Mai Ita: Amsoshin Tambayoyinku kan Ma'anar Waƙoƙi

Wasiƙun da suka taru a wannan fili cikin 'yan makonnin nan sun karkata ga abu guda, wato yadda ake gane abin da mawaƙi yake nufi. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita masu tsawo, kuma na cire sunayen waƙoƙi da mawaƙan da masu tambaya suka ambata, domin amsoshin ba su rataya a wuyan waƙa guda ba.

Tambaya: Malam, ni da yayata mun shafe mako guda muna gardama a kan wata waƙa. Ni na ce siyasa ce aka lulluɓe da soyayya, domin mawaƙin yana kuka ne da wadda ta yi masa alkawari ta saɓa, kuma waƙar ta fito ana dab da zaɓe. Ita ta ce soyayya ce zalla, hujjarta kuwa ita ce mawaƙin da bakinsa ya faɗi haka a wata hira da aka yi da shi a rediyo. Shin maganarsa ba ta kashe bakin gardamar ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar uwa, yayarki ta zo da hujja mai nauyi, kuma bai kamata ki yi mata riƙon sakainar kashi ba. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, Larabawa kuma suna da tsohuwar magana cewa ma'ana tana cikin cikin mawaƙi. Sai dai maganar mawaƙi a kan waƙarsa shaida ce guda a cikin shaidu, kuma kamar kowane mai shaida, shi ma ana duba halin da yake ciki lokacin da ya buɗe baki. Mutumin da ya zaɓi ya yi habaici ya zaɓi hakan ne saboda ba ya son a kama shi da laifin faɗa ƙarara. Da a ce zai iya zama gaban makirufo ya ce da wane yake, da tun farko bai wahalar da kansa da neman mayafi ba. Saboda haka musun da mawaƙi zai yi a rediyo bai isa ya tabbatar da cewa babu siyasa a waƙar ba, haka kuma bai isa ya tabbatar da cewa akwai ba, domin mai gaskiya da mai ɓoyewa amsa iri ɗaya za su bayar.

Akwai kuma wasu dalilan da ba su shafi tsoro ba. Mawaƙi yakan manta abin da ke ransa ranar da ya tsara baiti, yakan sauya labarin bayan shekaru idan waƙar ta yi suna, wani lokaci ma amsa-amo, wato daidaiton sautin ƙarshen layuka, shi ne yake zaɓar masa kalma, shi kuwa ya karɓa domin ta zauna daram a cikin kari, wato ma'aunin waƙar. Wannan ne ya sa wasu manazarta biyu na Amurka, Wimsatt da Beardsley, suka yi rubutu a 1946 suna cewa kuskure ne a auna waƙa da niyyar mai ita, tunda niyyar ba ta hannunmu, waƙar ce a hannunmu. A 1967 Bafaranshe Roland Barthes ya ƙara gaba, ya shelanta abin da ya kira mutuwar marubuci, wato da zarar rubutu ya fita, mai karatu ne yake haifar da ma'ana. A ganina ya wuce gona da iri. Idan mai waƙa ba shi da ta cewa ko kaɗan, to kowa sai ya ɗora wa kowace waƙa abin da ya ga dama, nazari ya koma shaci-faɗi.

Labarin da na fi so a wannan babi shi ne na Shehu Ibn Arabi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1240. Ya tsara diwanin waƙoƙin bege mai suna Tarjumanul Ashwaƙ, cike da ambaton kyakkyawar mace da raƙuma da zangon da aka tashi aka bari, sai wasu suka zarge shi da cewa soyayyar duniya ce kawai ya yi wa ado. Abin da ya yi shi ne ya zauna ya rubuta sharhin waƙoƙin da kansa, baiti bayan baiti, yana nuna ma'anar sufanci da ke ƙarƙashin kowace siffa. Duk da haka, har yau manazarta suna karanta waƙoƙin ta fuska biyu, domin sharhin ya buɗe ƙofa guda ne, bai toshe ɗayar ba.

Yanzu ga naki gefen. Fitowar waƙa dab da zaɓe hujja ce mai rauni, domin a makon da ta fito ma an fitar da waƙoƙi da dama da ba ruwansu da zaɓe. Ki koma cikin waƙar, ki bi ta ɗango bayan ɗango, wato layi bayan layi, ki nemi kalmar da ba ta zauna daidai a bakin masoyi ba. Shin akwai inda "ni" ya rikiɗe ya zama "mu" ba tare da dalili ba? Shin alkawarin da aka saɓa irin wanda budurwa take yi ne, ko kuwa irin wanda ake yi wa jama'a a bainar taro? Mai habaici yakan bar ƙofa a ɗan buɗe da gangan, domin habaicin da babu wanda ya gane shi asarar yawu ne. Lokacin da Fela Kuti ya yi waƙar "Zombie" yana kwatanta sojoji da gawar da ake juyawa da umarni, waɗanda aka yi domin su ba su nemi mai fassara ba, kuma a watan Fabrairun 1977 sojoji suka far wa gidansa a Legas suka ƙone shi. Idan kin bincika kin ga kowane ɗango ya zauna lafiya a matsayin soyayya, to kina da damar ki ji waƙar a matsayin kukan talaka, kuma jama'a sun sha ɗaukar waƙar soyayya su mayar da ita ta gwagwarmaya. Abin da ba ki da dama shi ne ki ce haka mawaƙin ya nufa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a sashen nazarin harshe. Ina neman littafin da ya jera alamomin da mawaƙa suke amfani da su tare da ma'anar kowace, kamar yadda ake da littattafan fassarar mafarki, ta yadda idan na ga ruwa ko tsuntsu ko dare a waƙa zan duba in san fassararsa. Akwai irinsa? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗana, akwai ƙamus-ƙamus na alamomi a harsuna da dama, kuma ba laifi ka leƙa su, amma idan ka riƙe su a matsayin makulli za su kulle ka ne a waje. Alama ba ta da ma'ana guda da take yawo da ita ko'ina. Mujiya a wurin Girkawan da tsuntsuwar hikima ce, a kunnen Bahaushe kuwa abar tsana ce da ake kora. Ruwan sama a yawancin waƙoƙin Turanci yana tafe da kaɗaici da baƙin ciki, alhali a waƙoƙin mutanen da suke zaune a ƙasa mai fari rahama ne da buɗi. Farin tufafi a wani wuri na amarya ne, a Indiya kuwa na makoki. Giya a bakin wani mawaƙi giya ce kawai, amma a ƙasidar Ibnul Farid na Masar, wanda ya rasu a 1235, giyar da yake yabo ita ce son Allah, kuma duk wanda ya san al'adar waƙoƙin sufaye ba zai yi tuntuɓe a nan ba. Haka mawaƙan rege na Jamaika: idan suka ce Babila, ba tsohon birnin da ke Iraƙi suke nufi ba, suna nufin tsarin zalunci, sun kuwa ɗauko siffar ne daga labarin bautar Bani Isra'ila, irin wanda ke cikin Zabura ta 137. Ka ga ke nan kafin ka tambayi me alama take nufi, sai ka fara tambayar a wane gida aka haife ta, tunda kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Tunda kai ɗalibi ne, ka riga ka ci karo da rabe-raben adon harshe irin waɗanda Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa a littafinsa na nazarin waƙa, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa. Kamantawa ita ce mai sauƙi, domin tana zuwa da "kamar" ko "tamkar" a goshinta. Siffantawa tana jefar da "kamar" ɗin, ta ce wane zaki ne kai tsaye. Alamtarwa ce mai wuyar sha'ani, saboda a nan ba a ambaton wanda ake nufi sam, sai a ajiye maka hoto a bar ka da shi. Bari in ƙaga wasu ɗangogi na kaina domin mu gani da ido:

Na haƙa rijiya da hannuna,
Na kwana ina yasarta,
Ran da ruwa ya taso,
Sai ga baƙo da gugansa.

Mene ne rijiyar? Saurayin da ya daɗe yana hidima wa yarinya, wani ya zo rana tsaka ya aure ta, zai rantse da shi ake. Wanda ya yi wa ɗan takara wahala har ya ci, aka ba wani muƙamin, shi ma zai rantse. Haka ma'aikacin da ya gina kamfani da guminsa aka ɗora masa wani a kai. Dukansu suna da gaskiya gwargwadon waɗannan layuka huɗu, domin abin da layukan suka ɗauka shi ne siffar lamarin: wahala mai tsawo, amfani da ya zo a makare, da wanda ya ci bai sha wuya ba, wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka lura da inda nauyin yake. "Da hannuna" ita ce take kafa haƙƙin mallaka, "na kwana" ita ce take auna wahalar, "sai ga" kuwa ita ce take kawo mamaki da ɗaci, domin ba a cewa "sai ga" ga wanda ake jira. Har gugan ma yana magana: baƙon bai zo roƙon ruwa ba, da shirinsa ya zo, alamar ya daɗe yana leƙen aikin daga nesa.

To, yanzu ka ƙara ɗango na biyar. Idan na ce "Ta bi shi ba ta ko waiwaye ni ba," rijiya ta zama mace, fassarar siyasa ta raunana. Idan na ce "Mu da muka sha rana muna kallo," jam'in nan ya jawo jama'a ciki. Idan kuwa na ce "Na ce masa sha, don haka na haƙa ta," duk ɗacin ya narke, waƙar ta koma ta kyauta da sadaukarwa, kuma baƙon da muka tsana a layi na huɗu ya zama dalilin haƙa rijiyar. Babu ƙamusin da zai gaya maka wannan, domin kalmar rijiya ba ta sauya ba, maƙwabtanta ne suka sauya.

Abin da nake ba ɗalibai shawara a kai shi ne su fara gano turken waƙa, kamar yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau yake kiran babban saƙon waƙar baka, sannan su auna kowace fassara da waƙar gaba ɗayanta. Fassarar da ta haska ɗango guda ta bar saura cikin duhu, ko wadda sai an murɗe wuyan layuka uku kafin ta tsaya, ba ta ci jarrabawa ba. Kuma kada ka ɗauka tilas ne kowace alama ta zama mai harshen damo. Waƙar "Strange Fruit", wadda wani malamin makaranta mai suna Abel Meeropol ya rubuta, Billie Holiday ta rera a 1939, tana magana ne a kan wasu baƙin 'ya'yan itatuwa da ke reto a bishiyoyin kudancin Amurka, kuma ko da yake ba ta ambaci sunan ta'asar ba, fassara ɗaya tak take karɓa, wato gawarwakin baƙaƙen fata da gungun mutane suke ratayewa ba tare da shari'a ba. A can an yi alamar ne domin a tilasta wa mai sauraro ya kalli abin da yake kawar da kai daga gare shi.

Tambaya: Malam, wani mawaƙi da nake so ya yi waƙa yana cewa ya yaudari mata da yawa kuma bai yi nadama ba. Tun daga ranar na daina ganin girmansa. Mijina ya ce na yi gaggawa. Ashe ba da bakinsa ya faɗa ba? Daga wata uwar gida.

Amsa: Hajiya, maigidanki ya fi kusa da gaskiya. "Ni" da ke cikin waƙa ba lallai ne ya zama mutumin da ke riƙe da makirufo ba, kamar yadda ɗan wasan da ya fito a matsayin ɓarawo ba a kai shi kotu. Mawaƙin Amurka Johnny Cash ya yi wata waƙa a 1955 da muryar fursunan da ya harbe mutum haka siddan, alhali shi bai taɓa kashe kowa ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 226 ta Suratush Shu'ara, ya siffanta mawaƙa da cewa suna faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan aya ta gaba ta togace waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari. Ka'abu ɗan Zuhairu ma, da ya zo neman afuwa wurin Annabi (SAW), ya buɗe ƙasidarsa ne da kukan rabuwa da wata Su'adu, domin haka al'adar ƙasidar Larabawa ta gada, a fara da bege kafin a shiga abin da ya kawo mutum.

Tambayar da ta fi amfani ita ce, ina waƙar ta ajiye wannan mayaudarin? Idan ta bar shi yana taƙama har ƙarshe, kiɗa yana ɗaga shi, babu ko ɗango guda da ya nuna ɓarnar da ya yi, to kina da hujjar ƙin waƙar, domin tana ƙawata mugun hali ko da mai ita waliyyi ne. Idan kuwa taƙamar tasa tana fallasa shi, ya ƙare shi kaɗai yana magana da bango, to mawaƙin ya ari bakinsa ne domin ya ci masa albasa. Hukuncin da za ki yanke a kan waƙar yana hannunki. Na mutumin kuwa sai da shaidar da ta fi baiti.

Tambaya: Malam, me ya sa mutane suke rawa da waƙar da kalmominta na baƙin ciki ne? Ni ina ganin yawancinmu amshi kawai muke ji. Daga wani makaɗin jita.

Amsa: Malam, ka taɓo inda gizo yake saƙa, kuma kai da kake sana'ar ka fi ni sanin cewa kunne yana kama kiɗa kafin ya kama magana, yana kama amshi kafin ya kama baitoci. Misalin da ya fi shahara shi ne "Born in the U.S.A." ta Bruce Springsteen, wadda ta fito a 1984. Amshinta yana tashi da ganguna kamar taken alfahari da ƙasa, amma baitocinta labarin tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Biyetnam ya tarar babu aiki, babu mai kula da shi. A watan Satumban wannan shekarar Shugaba Ronald Reagan, yana yaƙin neman zaɓe, ya ambaci mawaƙin a matsayin mai saƙon kyakkyawan fata ga Amurka, daga baya kuwa shi mawaƙin ya riƙa rera waƙar a hankali da jita kaɗai, yadda babu mai iya kauce wa kalmomin. Haka "Every Breath You Take" ta 1983, wadda ake sakawa a bukukuwan aure saboda taushin sautinta, alhali Sting da ya rubuta ta ya sha faɗin cewa a kan kishi da sa ido da son mallake mutum take.

Sai dai ba zan ce masu rawar sun yi kuskure gaba ɗaya ba. Waƙa ba rubutu ba ce da aka yi wa rakiya da kiɗa. Murya da kari da inda mawaƙi ya ja numfashi duk suna cikin ma'anar. Layi guda idan aka rera shi da dariya a murya yakan zama zambo, idan aka rera shi da rawar murya ya zama roƙo. Saɓanin da ke tsakanin kiɗa mai daɗi da magana mai ɗaci sau da yawa da gangan ake yin sa, domin haka mutane suke ɗaukar baƙin cikinsu, fuska a sake, ciki na tafasa. Wanda ya karanta kalmomin a takarda kawai ya samu rabi, wanda ya yi rawa kawai shi ma rabi ya samu, bambancin dai shi ne na biyun ya fi jin daɗin nasa rabin.

Tambaya: Malam, an turo mini wani bidiyo da aka juya wata waƙa baya, kuma na ji da kunnena ana faɗin miyagun kalmomi. Shin da gaske mawaƙa suna ɓoye saƙo ta wannan hanya? Daga wani mahaifi.

Amsa: Alhaji, ana iya naɗar magana a juye a saka cikin waƙa, kuma wasu mawaƙa sun yi hakan, galibi don wasa ko ado. Amma yawancin abin da ake yaɗawa ba shi ba ne. Ina kyautata zaton bidiyon da aka turo maka ya rubuta kalmomin a fuskar waya kafin sautin ya zo. A 1985 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada, John Vokey da Don Read, suka gwada wannan lamari, suka tarar mutane ba sa fahimtar ma'anar maganar da aka juya, kuma abin da aka riga aka gaya musu su saurara shi suke ji. Tun kafin nan, a 1964, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta buɗe bincike a kan waƙar "Louie Louie" saboda iyaye sun yi ƙorafin akwai batsa a cikinta, aka yi ta saurare ana rage gudun faifan ana ƙarawa, a ƙarshe hukumar ta kasa tantance abin da mawaƙin yake faɗa.

Ga gwajin da za ka yi a gida. Ka nemi mutum uku da ba su ga bidiyon ba, ka kifa wayar yadda ba za su ga rubutun ba, ka kunna musu sautin, sannan ka ce kowa ya rubuta abin da ya ji ba tare da ya leƙa takardar ɗan uwansa ba. Idan takardun uku suka zo da jimla ɗaya, ka aiko mini da su, zan buga su a fitowa ta gaba.